Godiya ga masu gyaran kwamfuta na Beirut Road da suka tayar min da katin girafik na biyu

Assalamu alaikum. Wannan godiya ce zuwa ga Oga Injiniya da yaran shagonsa na gyaran kwamfuta a Beirut Road nan Kano, na ce sai na rubuta a fili kowa ya gani tunda yabon gwani ya zama dole.

Laftop ɗina Lenovo Y510p ce, 'yar 2013, tokumbo na saye ta, kuma duk wanda ya san ta ya san abin da ya sa 'yan gem suke sonta: katin girafik (wato abin da ke zana hoto a sikirin) biyu take ɗauka, GT 750M ɗaya manne a jikin bod, na biyun kuma a ramin DVD ake zura shi, wanda Lenovo ke kira Ultrabay, har da 'yar fankarsa daban. Haɗa kati biyun nan su yi aiki tare shi ne Nvidia, kamfanin da ya ƙera su, ke ce wa SLI. To ni dai tunda na saye ta ban ga amfanin na biyun ba, gem ɗin GTA V sai sarƙewa yake, ita kuma ta ɗau zafi kamar dutsen guga, wani waje ma da na kai cewa aka yi katin ya ƙone in cire shi kawai in huta.

Oga ko sukurudireba bai ɗauka ba ya ce in miƙo caja tukuna. Ya juya bayanta ya karanta, ya ce ai ga farkon matsalar nan, mai wat 120 aka haɗa ka da ita, alhali in kati biyu ne a ciki sai mai wat 170. Ya tura yaro ya nemo. Sannan aka kwance ta a gabana, wallahi ƙurar da aka zaro daga bakin fanka ta dunƙule ta zama tabarma guda, man nan mai ruwan toka da ake shafa wa kan furosesa kuwa ya bushe ƙamas sai kankare shi aka yi aka sa sabo, katin Ultrabay ɗin ma ba a bar shi ba. Ya goge direban da ke kai, wato manhajar da ke sarrafa katunan, ya sa mai lamba 425.31, ya ce shi ne na ƙarshe da Nvidia suka fitar wa irin waɗannan katunan na laftop a 2019, ya shiga saitin Nvidia ya kunna SLI, sai ga kati biyu sun bayyana reras.

Amma abin da ya fi kama min zuciya zaman da ya yi ya faɗa min gaskiya. Ya ce kar in ɗauka memori giga 2 na wannan kati da giga 2 na wancan sun zama 4, domin kowane kati kwafin abu ɗaya yake riƙewa a memorinsa, karɓa-karɓa suke yi, wannan ya zana hoto ɗaya wancan ya zana na gaba, shi ya sa wani lokaci za ka ga 'yar gargada ko da gem ɗin na gudu. Ya ce kuma sai gem ɗin da aka yi wa tsarin SLI ne zai mori na biyun, su Battlefield 4 da Tomb Raider na 2013, sababbi kam kati ɗaya za su gani, tunda daga farkon 2021 Nvidia sun daina ƙara wa gem tsarin. Har na tambaye shi ko in sayar in nemi laftop Alienware 18 mai kati biyu, ya girgiza kai ya ce in tara kuɗina in sayi mai kati ɗaya na zamani ya fi min. Da ya so ya ce zai nemo min ya ci ribarsa, amma bai yi ba, ni kam wannan ya ƙara masa daraja a idona sosai.

Yanzu GTA V yana tafiya lafiya lau, sai dai batir baya jimawa in NEPA sun ɗauke, wannan ma ya gaya min tun a shago.

Oga na gode, na gode ƙwarai, yaron da ya sha rana neman caja shi ma a gaishe min da shi. Allah ya ƙara kasuwa, ya sa albarka a sana'a, ya jiƙan mahaifa. Akwai Y500 ta ƙanina mai GT 650M biyu, ita ma tana nan tafe ranar Asabar in sha Allahu.