Wasiƙa ga ɗana, kan maganar ɗakin awo

Assalamu alaikum, ɗana.

Ina fatan kana lafiya, kai da iyalinka. Mahaifiyarka ta ce in kira ka a waya, na ƙi. A waya kana da saurin cewa "to Baba, na ji" tun ban kai ƙarshen zance ba. Shi ya sa na zauna na rubuta.

Labari ya iso mini cewa tun da kuka karɓi babban aikin nan an daina awo yadda aka saba a kamfaninmu na sassaƙar ƙarfe. Wai ƙarfen farko da inji ya fitar kawai ake aunawa da safe, in ya yi daidai sai a bar inji ya yi ta zubo sauran har yamma, a cika kwalaye. An kuma ce ka ɗauke dattijon ɗakin awo ka mayar da shi wajen lodi, kana cewa injin CNC, mai sassaƙa da umarnin kwamfuta, ba ya kuskure. Ba kawunka ne ya faɗa mini ba, don haka kada ka je ka tono tsohuwar magana. In ƙarya ne, ka yafe mini. In kuwa gaskiya ne, barcin da na rasa kwanakin nan bai tafi a banza ba.

Kakanka ya fara da injin sassaƙar ƙarfe guda ɗaya tak, na hannu, wanda bel ɗinsa ke zamewa in aiki ya yi nauyi. Shaf da bushin da noti yake yi wa masu gyaran famfo. Akwai waɗanda suka fi shi kayan aiki, amma wajensa ake dawowa, domin shaf ɗinsa yana zama cikin boris daram, ba a tilasta shi da guduma, ba ya kuma lilo. Ni na ƙara injin milin, na ƙara na gurza, bayan shekarar gobara muka sake tashi da mutum uku. Duk bangon da ka ga an rushe an faɗaɗa, sunan da awo ya yi mana ne ya biya shi.

Kai ka kawo CNC, kuma na san har yau kana riƙe da cewa na hana ka shekara guda. Bashin na ji tsoro, don na ga abin da bashi ya yi wa gidan nan, kana ƙarami a lokacin. Da injin ya zo na gani da idona: abin da nake yini a kansa yana gama shi kafin in gama duba zane. Na yaba maka a gaban ma'aikata, ban yi ƙyashi ba.

Amma inji bai san abin da ya fito daga cikinsa ba. Inda aka ce ya je nan yake zuwa. Bakin wuƙarsa yana cinyewa a hankali, ko da na kabayid ne mai tsananin tauri, sai kaurin shaf ya riƙa ƙaruwa, faɗin rami ya riƙa raguwa, allon kwamfuta kuwa yana nuna lambar da ka sa masa tun safe. Shi kansa injin da sanyi yake tashi, in ya ɗau zafi jikinsa ya miƙe. Ƙarfe mai tsawon mita ɗaya yana ƙaruwa da kusan milimita 0.012 duk lokacin da zafi ya hau da digiri ɗaya, alminiyum kuma kusan ninki biyun haka. Ɗauki shaf mai kaurin milimita 100 da ya sauko da zafin digiri 10 sama da na ɗaki: ya kumbura da milimita 0.012. Gashin kanka kaurinsa wajen milimita 0.07 ne, ka ga ido ba zai taɓa kama wannan ba, amma a mazaunin boris ya isa ya cinye rangwamen da zane ya ba ka. Dalilin da ya sa duniya ta tsayar da digiri 20 a matsayin zafin awo ke nan, kuma dalilin da ya sa muke barin kaya su huce kafin a ɗora musu maikuromita, ma'aunin kauri. Ka san duk wannan. Ni na koya maka, kana tsaye a kan akwati don hannunka ya kai tebur.

Ban ce a auna kowane ɗaya cikin dubbai ba, na san aiki mai yawa. A ciri ɗaya lokaci zuwa lokaci, a auna, a rubuta, a ga inda lamba ta dosa kafin ta tsallake iyaka. A sake aunawa duk sanda aka canza wuƙa. Wannan shi ne aikin mutumin da ka tura ɗaukar kwali.

Abin da ke hana ni barci shi ne ba mu san inda kayanmu ke ƙarewa ba. Fin ɗin da ya fita daga hannunka yau, gobe yana cikin birki, ko injin ɗaga kaya da mutum ke tsaye a ƙarƙashinsa. In ya yi sako-sako ba ranar zai nuna ba. Zai yi ta girgiza wata da watanni, ya ci mazauninsa, ran nan ya saki. Wanda abin zai rutsa da shi bai taɓa jin sunanmu ba, ɗan wani ne da ya fita neman abinci. Ina rufe ido in gan shi. Kwangila in ta tafi wata za ta zo, na rasa kwangiloli na rayu. Wannan fa, da wane baki za ka yi bayaninsa, nan duniya ko gaban Allah?

Kuma wallahi ka ba ni kunya kan dattijon nan. Shi ya kama kuskurena a aikin da ka sani, daren da muka kwana muna kwance kwalaye. Da ya yi shiru don gudun fushina, da babu kamfanin da za ka gada. Mutumin da ya goya ka a kafaɗa, yau shi ne ɗan dakonka? Wa ya koya maka haka? Ba a gidana ba.

Na san nauyin da ke kanka. Albashi na jira, banki na jira, mai kaya yana kira dare da rana. Na ɗanɗana. Na kuma san na tsananta maka kana yaro, ina sa ka maimaita awo sau uku alhali na farkon daidai ne. So nake hannunka ya saba tun kafin ranar da gaggawa za ta matse ka, ga ta kuwa ta zo.

Akwatin tubalan awo na kakanka yana nan a durowata, irin waɗanda Johansson ɗan ƙasar Suwidin ya ƙirƙiro, masu santsin da in ka goga biyu sai su manne. Na shafa musu mai jiya. Ka zo ka ɗauka da kanka, ka gwada duk maikuromitocin da ke wurin da su. Ka mayar da dattijon kujerarsa, ka ba shi haƙuri a gaban waɗanda suka ga an ɗauke shi. Kwalayen da ba su riga sun fita ba, a buɗe su. Waɗanda suka fita, ka kira mai kayan ka faɗa masa gaskiya, in kana so zan zauna kusa da kai lokacin da za ka kira.

Mahaifiyarka tana gaishe ka, ta ce ka taho da yaran. Allah Ya yi maka albarka.

Mahaifinka.