Wasiƙa daga bakin kogin Elbe

Assalamu alaikum mutumina,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ya Hajiya da ƙarfin jiki? Ya amarya da yara, ya zafin Kano? Kai dai tun bikin ƙanwarka ka ɗauke ƙafa, ko saƙo aka turo maka ba a samun komai sai “madalla”. Akwai maganar filin Kawu da nake son tambayarka, amma bari in fara sauke abin da ke cikina tukuna.

Mun samu gida! Wallahi mun samu, har mun tare. Kuma ka san a ina? HafenCity, sabuwar unguwa a nan Hamburg, wajen da ake kira Baakenhafen, wurin nan da na taɓa turo maka hotonsa ka ce in daina ɗaukar hoto a kangon kamfani. To yanzu a kangon nan uwargida ke shanya kayan yara, kuma in ta leƙa ta taga ruwa take gani.

Ba ka yi ƙarya ba a lokacin, kango ne. Duk yankin tsohuwar tashar jiragen ruwan Hamburg ce: sito-sito, layin dogo, injinan ɗaga kaya, har da masana'antar gas da ta bar guba a ƙasa, sai da aka kwashe ƙasar kafin a yi gini. Abin da ya kashe wurin shi ne kwantena. Da aka koma zuba kaya a kwantena, jirage suka yi girman da waɗannan tsofaffin mashigai ba za su ɗauke su ba, aiki ya ƙaura tsallaken kogi, aka bar hekta 157 a hancin tsakiyar gari ba mai shiga sai mai gadi. A 1997 magajin gari Henning Voscherau ya fito da maganar mayar da wurin unguwa, a 2000 aka amince da tsarin, har yau kuma ana kan gini. An ce in an gama mutum wajen 15,000 za su zauna, wasu 45,000 su yi aiki.

Na san abin da za ka ce: ina ni ina unguwar masu kuɗi. Da farko kam tasu ce. Ɓangaren yamma da aka fara ginawa, hayarsa ko kusa ba ta irinmu ba ce, mutanen gari suka yi ta surutu a kan cewa an ɗauki filin jama'a an miƙa wa attajirai. Daga 2011 gwamnatin birni ta kafa ƙa'ida cewa a manyan sababbin gine-gine kashi ɗaya cikin uku na gidaje ya zama mai rangwame, na masu ƙaramin albashi. Filin na birni ne, shi ya sa suke iya gindaya wa mai gini sharaɗi kafin su ba shi. Ta wannan ƙofar muka shiga, da takardar shaidar cewa albashina bai kai wani mizani ba. Hayarmu ba ta kai rabin abin da na ginin da ke kallonmu ke biya ba, alhali makarantar yara ɗaya, tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ɗaya. Maƙwabcina na sama direban bas ne, ta ƙasa tsohuwa ce Bajamushiya mai keken guragu, ta riga ta saba da ƙosan uwargida.

Af, wai da gaske mai shayinmu na bakin tasha ya ƙara aure? Ƙaninka ne ya faɗa mini, har da cewa kai ne babban abokin ango, ka sha babbar riga kana ta rabon goro. Mutumin da ko shayi bai taɓa biya ba a teburin! Allah ya ba su zaman lafiya, ka ce masa ina nan da gudummawata.

Abin da ya fi burge ni a nan shi ne yadda suka yi da ruwa. Garin nan ya san ambaliya: a Fabrairun 1962 ruwa ya fasa shinge cikin dare ya ci mutum sama da 300. HafenCity kuwa a wajen shingen take. Da sun zagaye ta da bango irin ganuwar Kano, da babu mai ganin kogin. Sai suka ɗaga ƙasar gaba ɗaya, tituna da gidaje suna kan tudu mai wajen mita 8 sama da teku, garejin motoci na cikin tudun da ƙofofin ƙarfe masu tare ruwa. Hanyar yawo ta bakin ruwa kuma aka bar ta ƙasa yadda take tun zamanin jirage. In iska ta turo ruwan teku lokacin sanyi, sai ya hau hanyar ya rufe kujeru, ya janye, a wanke laka, mutane su dawo. Ranar da muka fara ganin haka uwargida har ta fara haɗa takardunmu a jaka, tsohuwar nan ce ta kwantar mata da hankali.

Yara kuwa ba a ganinsu a gida. A bayanmu akwai Baakenpark, wanda aka buɗe a 2018. Da can babu ƙasa a wurin sam, yashi aka yaso daga kogi aka cike wani sashe na mashigin, aka dasa itatuwa, aka yi filin ƙwallo da wani tudu mai mita 15 da ake hawa a hango jirage. Ba ƙofa, ba tikiti, ba mai tambayarka ɗan wane ne kai. Babban ɗana ya samu abokai daga Siriya, Gana, Turkiyya da 'yan ƙasa, Jamusancinsa yanzu ya fi Hausarsa gudu, wannan kuma yana damuna, za mu yi maganarsa wata rana.

Akwai abin da ke sa jikina sanyi. A Lohsepark, inda muke zuwa ranar Lahadi, an bar guntun tsohon dandamalin tashar jirgin ƙasa, da allunan sunaye. Daga nan aka kwashi Yahudawa da 'yan ƙabilun Sinti da Roma sama da 8,000 tsakanin 1940 da 1945, yawancinsu ba su dawo ba. Yara na lilo a gefe, sunayen na nan a tsaye, kuma na ga daidai ne da ba su shafe ba. Amma shi wannan mashigin da nake kwana a bakinsa, daga nan aka yi lodin sojojin Jamus zuwa Namibiya a 1904, waɗanda suka yi wa 'yan ƙabilun Herero da Nama kisan ƙare dangi. Da za ka zagaya unguwar, sunayen da za ka gani a manyan dandali su ne Vasco da Gama, Magellan, Amerigo Vespucci, matuƙan jiragen ruwan Turai da suka share wa mulkin mallaka hanya. 'Yan Afirka mazauna garin sun daɗe suna neman a yi wa wannan tarihin wurin tunawa na sosai. Na halarci zamansu, kuma zan ci gaba da zuwa, don ɗana na wasa a kan wannan ƙasar, ya kamata ya san abin da aka yi a kanta.

Ba komai ne ya tafi daidai ba. Elbphilharmonie, gidan kaɗe-kaɗen da aka ɗora a kan tsohon siton koko da taba, ya lashe Yuro miliyan 866 kafin a buɗe shi a 2017, ninkin-ba-ninkin abin da aka faɗa wa jama'a da farko. A ɗaya ƙarshen kuma ga Elbtower, dogon benen da aka ce zai kai mita 245, aiki ya tsaya a 2023 yana wajen mita 100 saboda kuɗin mai ginin sun ƙare. Masallaci kuwa har yanzu unguwar St. Georg muke zuwa Juma'a.

Babbar damuwata ita ce rangwamen hayar yana da wa'adi. In ya cika, mai gida na iya ɗaga kuɗi, kuma wuri mai ruwa da lambu irin wannan ba ya rasa mai saye. Ni wataƙila na tsufa a lokacin, amma direban bas da zai zo bayana fa? Shi ya sa na shiga ƙungiyar masu haya, uwargida kuma ta shiga ta iyayen yara a makaranta.

In ɗan Baba zai taso wata mai zuwa, don Allah ka haɗo shi da yajin Hajiya da kuka da daddawa, a ɗaure sosai. Kilishi kada ka sa, ƙwace shi za su yi a filin jirgi. Ka gaida Malam, ka ce ya sa mu a addu'a, ka gaida duk 'yan majalisa. Kuma wannan karon ka rubuto da tsawo.

Naka har kullum,
abokinka na Hamburg