Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Ministan Harkokin Waje Kan Yaƙin Yammacin Kamaru

Mai Girma Minista,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina rubuto maka ne daga Agege a Legas, kan yaƙin da ake gwabzawa a yankunan Arewa maso Yamma da Kudu maso Yamma na Kamaru, inda 'yan aware suka ayyana ƙasar da suke kira Ambazoniya ranar 1 ga Oktoba, 2017. Har yau babu ƙasar da ta amince da ita, kuma ni ma ban zo neman Najeriya ta amince da ita ba. Kukana shi ne shirun da gwamnatinmu ta yi, kamar abin bai shafe mu ba.

Ai ya shafe mu. Duk wanda ya san zangon Agege ko kasuwar Mile 12 ya san akwai gidajen da rabin danginsu ke Bamenda. Hausawa sun daɗe da kafa unguwa a can, Fulani Mbororo kuma suna kiwo a tsaunukan Sabga da kewaye tun zamanin kakanni. Kafin 'yancin kai na 1960 ma tare Turawan Ingila suke mulkinmu da su, har Dokta Endeley ya riƙe muƙamin minista a nan Legas. Ƙuri'ar raba gardama ta Fabrairun 1961 ce ta raba hanya: arewacin Kamarun da ke hannun Ingila ya zaɓi Najeriya, ya zama Lardin Sardauna, shi ya sa Mubi da Gembu suke namu a yau, kudanci kuwa ya bi Kamaru bisa tsarin tarayya. Ahmadu Ahidjo ya soke tarayyar a 1972. Daga nan ƙorafi ya yi ta taruwa, har lauyoyi da malaman makaranta suka fito zanga-zanga a ƙarshen 2016, suna cewa ana turo musu alƙalai da malamai masu jin Faransanci kawai. Aka amsa musu da kame da duka, aka katse musu intanet na wata uku. Abin da ya fara da rigar lauya sai ya koma bindiga.

Ranka ya daɗe, bari in gaya maka yadda ake rayuwa a ƙasar da babu ita a taswira, kamar yadda wata maƙwabciyarmu da aka auro daga Bamenda take ji daga bakin mahaifiyarta. Kowace Litinin gari a rufe yake bisa umarnin 'yan aware. Ba kasuwa, ba mota, ba ɗan acaɓa. Wanda ya buɗe shago, yaran daji su ƙona shi. Wanda ya rufe, hukuma ta ce ɗan aware ne, ta iya garƙame masa shagon. Yaro zai fita makaranta da kayan gida, ya cusa yunifom da littattafai cikin jakar cefane, sai ya shiga aji ya sauya, don kada a gane ɗalibi ne a hanya. A titi ɗaya direba zai biya soja a wannan shinge, ya biya masu bindiga a na gaba, kowa na cewa shi ne gwamnati. In an sace mutum, ta waya ake tura kuɗin fansa, wani lokaci ma daga aljihun 'yan'uwa da ke nan Legas suke fitowa.

Ba na wanke kowa. A Kumba, ranar 24 ga Oktoba, 2020, 'yan bindiga sun shiga aji suka harbe yara bakwai. A Ngarbuh kuwa, ranar 14 ga Fabrairun 2020, sojojin gwamnati ne suka kashe fararen hula 21, 13 daga ciki yara, kamar yadda ƙungiyar Human Rights Watch ta bayyana, kuma akwai Fulani masu makamai tare da su. Wannan ya fi komai yi mini ciwo. An sace wa Mbororo shanu, an ƙona musu rugage, an kashe su, sannan wasunsu suka yarda aka mayar da su karnukan farauta. Yanzu gaba ta shiga tsakanin makiyayi da manomin da suka yi shekara da shekaru suna musayar nono da masara. Mu 'yan Arewa mun san inda irin wannan gaba take kai mutane.

Na san abin da za a ce a ofishinka. Za a ce Ahidjo ya tsaya wa Najeriya lokacin yaƙin basasa, za a ce muna buƙatar Kamaru a yaƙi da Boko Haram, za a tuna cewa IPOB, ƙungiyar masu neman kafa Biyafara, ta ƙulla ƙawance da wani ɓangaren 'yan awaren a 2021. Duk gaskiya ne. Amma ko ɗaya bai halatta abin da aka yi a Janairun 2018 ba, lokacin da aka kama jagoran 'yan awaren, Sisiku Julius Ayuk Tabe, da mutanensa a wani otal a Abuja, aka miƙa su ga Yawunde, alhali akwai masu neman mafaka a cikinsu. Babbar Kotun Tarayya ta yanke hukunci a Maris 2019 cewa miƙa sun ya saɓa wa doka, ta ce a dawo da su. Ba a dawo da su ba. A watan Agusta kotun sojan Kamaru ta yi masa ɗaurin rai da rai tare da wasu tara. Me aka samu? Tafiyar 'yan awaren ta tarwatse gida-gida, kowane ƙaramin kwamanda ya zama sarkin dajinsa, aka rasa wanda za a zauna da shi ya yi magana a ji. Mu da hannunmu muka taimaka aka kai nan.

Wutar kuma ta tsallako. A Nuwamban 2021 an kai hari ƙauyen Manga a ƙaramar hukumar Takum ta jihar Taraba, har dagacin garin ya rasa ransa. Dubun-dubatar 'yan gudun hijira suna zaune a Kuros Riba da Binuwai da Taraba, wasu a matsugunan Adagom da Ikyogen, da yawa kuma a gidajen talakawan da su ma da ƙyar suke ci.

Suwizalan ta gwada sulhu a 2019, bai je ko'ina ba. Kanada ta sanar da nata a Janairun 2023, cikin 'yan kwanaki Yawunde ta ce ba ta san zancen ba. Waɗannan na nesa ne, ana iya yi musu kunnen ƙashi. Najeriya ba za a iya ba, domin iyaka ɗaya muke, kasuwa ɗaya, kuma ƙasar da ta miƙa Bakassi cikin lumana a 2008 tana da bakin da za ta ce wa Shugaba Paul Biya a zauna.

Don haka nake roƙonka, ranka ya daɗe, ka fito fili ka yi wa ɓangarorin biyu tayin zama a Abuja ko Kalaba, a saka sarakuna da limamai da shugabannin coci da ardo-ardon Mbororo a teburin. Ka ba da tabbacin cewa ba za a sake miƙa wani mai neman mafaka ba tare da kotu ta saurare shi ba. Ka kuma sa ƙaramin ofishin jakadancinmu na Buea ya riƙa bibiyar halin da 'yan Najeriya mazauna yankin suke ciki, ya ba mu lambar da za mu kira idan an ɗauke wani namu.

Wassalam.

Naka,
Wani ɗan kasuwa, Agege, Legas