Wasiƙa daga Fagge zuwa Kumasi

Assalamu alaikum, mutumina.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da uwargida da 'yan makaranta. Ya Kumasi, ya kasuwa? An yi Sallah lafiya? Allah ya maimaita mana.

Wata bakwai ke nan rabon da mu yi magana ta kirki, in ka cire "barka da Juma'a" da kake tura wa kowa da kowa a WhatsApp, wadda na san ba kai ka rubuta ba. Na zauna ne musamman don in tambaye ka yadda shadda take a wajenku, amma bari in fara sauke abin da ya cika mini ciki, don in ba kai ba ban san wanda zai gane ba.

Saura ƙiris in rasa mai yi mini aikin wuyan riguna a shagon ɗinkina a cikin azumin nan. Ka san shi, dogon nan ɗan Ƙofar Mata da ya yi maka aska takwas a rigar aurenka. Tun kafin azumi na ga ya canja. Mutumin da yake buɗe shago kafin in iso ya koma sai hantsi ya dubi ludayi. Aikin kwana biyu sai ya kwana huɗu a kan keke. Ka gaishe shi ya amsa a daƙile. Nan take na yanke cewa kuɗi ne. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya ma ta taɓa wuce 1,000, duk wanda ka ga ya ɗaure fuska a garin nan sai ka ce aljihu ne. Sai na ƙara masa kuɗi a kan kowace riga, ƙari mai tsoka, alhali janareta na lashe kusan rabin riba. Ya ce ya gode kamar wanda aka ba saƙon wani, washegari kuma a makare ya zo. Ranar goma ga azumi, ga kaya jibge har bakin ƙofa, ga wani Alhaji tsaye a kaina, na ɗaga masa murya a gaban yara. Bai ce uffan ba. Ya naɗe zarensa, ya lulluɓe keke, ya fita tun kafin la'asar.

Daren nan na je tafsiri a masallacin unguwarmu raina a ɓace. Malam yana cikin Suratut Tauba, ya zo ayar da ta ambaci ranar Hunaini, sai ya kawo labarin rabon ganima a Ji'irana, shekara ta 8 bayan Hijira. Labarin da muka ji tun muna zaune a gaban allo ne, amma a daren nan kamar ni kaɗai ake karanta wa. Manzon Allah (SAW) ya ba manyan Ƙuraishawa sababbin shiga Musulunci, irin su Abu Sufyan, raƙuma ɗari-ɗari, Ansar kuwa ba su samu ba, har abin ya sosa musu rai. Da maganar ta iso gare shi bai aika musu da raƙuma ba. Ya tara su su kaɗai, ya lissafa alherin da suka yi masa da bakinsa, sannan ya tambaye su ko ba za su yarda mutane su tafi da tumaki da raƙuma, su kuwa su koma gida da Manzon Allah ba. Suka yi kuka har gemunansu suka jiƙe. Malam ya ce ku duba, ganima ɗaya ce, amma ya san abin da zai riƙe zuciyar waɗancan, ya kuma san abin da ke damun waɗannan, tsoron kada ya zama an manta da su yanzu da aka buɗe Makka.

Wallahi jikina ya yi sanyi. Shekara goma sha ɗaya mutumin nan yana tare da ni, ban taɓa tambayarsa abin da yake so ba. Ni nake yanke masa, kamar tela ya yanka yadi bai ɗauki awo ba.

Ana tashi na nufi gidansu. Ya shimfiɗa mini tabarma a zaure, na ba shi haƙuri a kan tsawar da na yi masa, na ce ya gaya mini abin da na yi. Daga nan na kama bakina. Ka san halina da katse mutum, to ranar na danne. Mun kai minti biyar ba mai cewa komai, sai ƙarar Adaidaita a bakin titi. Can ya ce, "Maigida, ka tuna babbar rigar angon nan?" Na tuna. Mako uku ya yi a kanta, da hannu ya cike wasu wuraren. Ranar da uban ango ya zo karɓa, ya ɗaga ta a haske yana ta sa albarka, ya tambayi wa ya yi wannan aiki. Ni kuwa na ce, "Ai aikinmu ne, Alhaji, mun saba." Shi yana tsaye a bayana riƙe da ledar da za a sa rigar. Da yamma na ɗora hotonta a waya da sunan shago. Ya ce mini duk tsawon shekarun nan babu mai kawo ɗinki ko ɗaya da ya san sunansa, "yaron shago" suke ce masa, alhali 'ya'yansa uku. Ya ce ƙarin kuɗin da na yi masa ma ya fi komai ɓata masa rai, don ya ji kamar toshiyar baki na ba shi.

Kai, kafin in manta, mai shayin bakin layinmu ya ƙara aure. E, shi ɗin dai. Har yanzu kuma yana riƙe da littafin bashinsa, ya ce in gaya maka shafinka na nan bai yage ba, Indomie biyu da ƙwai tun kafin ka tafi. Ƙaninka kuma ya kunna mini saƙon muryar da ka turo masa, na ji ka ce "matata ya tafi kasuwa". Haba malam! Shekara nawa ka yi a zango har ka fara mayar da mace namiji? Nan gaba in ka zo sai mun nemo tafinta. Na ji kuma shinkafa da waken da muka bar muku kun sa mata ganye ta yi ja, kun raɗa mata waakye, kuna ta alfahari da ita. Ba komai, ka dai zo mana da goro mai kyau a yafe maka.

To, in koma. Abin da na yi ba wani babban abu ba ne. Yanzu duk wanda ya kawo babbar riga, shi nake kira ya zo su zaɓi aiki tare, in ce ga gwanin nan, ku yi magana da shi. In na ɗora hoto ina rubuta aikin wane ne. Ranar jajibere wani ya shigo yana tambayarsa da sunansa, na ga ya miƙe yana gyara hula. Har asuba muka kai muna aiki a daren Sallah, shi ne ma yake tsokanar yara kada su yi barci.

Abin ya buɗe mini ido, sai dai na so in yi wani kuskuren. Na ɗauka na samo maganin kowa, na shiga yabon Baba mai yanka mana yadi a gaban mutane. Tsohon nan ya saurare ni kwana biyu, rana ta uku ya ja ni gefe ya ce, "Ɗana, yabo ba ya cefane." Shi damuwarsa lokacin biya ne. Nakan haɗa musu kuɗi duk ranar da masu kaya suka biya, wani lokaci Asabar, wani lokaci Talata. Shi kuwa yana da zubin adashe ranar Alhamis, ga kuɗin makarantar jikoki, kuma a shekarunsa kunyar tambayata yake ji. Bai nemi ƙarin ko kwabo ba. Na tsayar masa da Laraba da yamma, ko an biya ni ko ba a biya ba, shi ke nan magana ta mutu.

Ƙaramin yaron nan kuma ɗan maƙwabcinmu, da nake cewa ya fiye wasa, ashe gajiya ya yi. Shekara biyu yana guga da sa maɓalli da aiken zare Ƙofar Wambai, ba a taɓa miƙa masa almakashi ba. Tsoronsa kada a yaye sa'o'insa a wasu shaguna shi bai iya yanka wando ba. Na sayo yadi mai araha na ce Baba ya riƙa nuna masa bayan azahar. Na farko ya ɓata shi sarai, ƙafa ɗaya ta fi ɗaya. Na huɗu kuwa ƙanina ne yake sawa yanzu.

Wanda ya fi taɓa ni shi ne na Hajiya. Kullum in na kira ta sai ƙorafi, gidan ya yi zafi, jikokin ba sa zuwa, maganin ba ya aiki. Ni kuwa da ta fara sai in ce zan turo kuɗi, in tura, in ji na sauke nauyi. Juma'ar da ta wuce na rufe shago bayan masallaci na tafi na zauna mata har magariba, na bar waya a aljihu. Ta sa aka dama fura, ta ba ni labarin rasuwar da aka yi a dangi da auren da za a yi bayan Babbar Sallah, ta tambaye ka har sau biyu. Ko sau ɗaya ba ta ambaci zafi ko magani ba. Da zan tafi ta rako ni har zaure, abin da ta daɗe ba ta yi ba saboda ƙafa.

Shi ya sa nake tunanin yaron shagonka da ka ce ya ishe ka, wanda kake shirin sallama. Ban san shi ba, mai yiwuwa gaskiyarka ce. Amma don Allah kafin ka kore shi ka kai shi wajen mai shayi, ku biyu kawai, ka tambaye shi, sannan ka yi shiru ko da shirun ya yi tsawo. Ka rubuto mini abin da ya ce.

Auren da Hajiya take magana na 'yar yayata ne, kuma ta ce ba ta karɓar uzuri daga Kumasi. In za ka zo ka turo awonka da wuri, don na ga hotonka na Sallah, tsohon awon da ke littafina ba zai shige ka ba. Dogon ya ce shi zai yi maka wuyan da kansa. Ka gaishe da uwargida da yara, da Malam limamin zangonku.

Naka har kullum,
amininka na Fagge.