Wasiƙa zuwa ga Habibu: Kan yumɓun da aka tsinta a ramin kuza

Jos, daren Lahadi

Aminina Habibu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kuma sanyin Ingila bai takura maka ba. Mu nan alhamdu lillahi, Hajiya na gaishe ka, yara kuma kullum sai sun tambayi Baffansu.

Ranar Alhamis na kai 'yan ajina gidan tarihi na nan Jos. Wata yarinya ta tsaya gaban wani kan yumɓu na Nok, ta ƙura masa ido, ta ce, "Malam, wannan ai kitso ne a kansa." Da na matsa kusa sai na ga gaskiyarta: ga gashi an tufke shi daki-daki, ga idanu masu kusurwa uku, an huda ƙwayarsu, kamar yana kallonka. Tun daga ranar nake ta karatu a kan Bernard Fagg, mutumin da ya kafa gidan, na ce lallai sai na rubuto maka.

Baturen mulki ne, ya zo Jos a 1939. Tun 1928 masu haƙar kuza suka tsinci wani ɗan kai na gasasshen yumɓu kusa da ƙauyen Nok, aka ajiye, ba wanda ya san na su wane ne. Wajen 1943 kuma aka tono wani a yankin Jama'a. Ka san abin da aka yi da shi? Wanda ya ɗauka ya kai gonar doyarsa ya kafa, ya zama dodon gona! Da kan ya iso hannun Fagg, sai ya lura da kamanninsa da na farkon. A nan ne nake jinjina masa, Habibu. Bai tsaya a ofis ba, ya riƙa bin ramukan kuza yana roƙon leburori da masu kamfani su daina zubar da irin waɗannan gutsattsari, su kawo masa. Da abin da hannun leburori ya tsamo daga laka ya gane cewa al'umma guda ce ta yi su, ya sa mata suna Nok.

A 1952 ya buɗe gidan tarihin nan, kayan suka sami mazauni a ƙasar da aka tono su. Daga 1957 ya shugabanci hukumar kayan tarihi ta Najeriya. Daga baya ya yi tono a Taruga, kusa da Abuja ta yanzu, ya samo muraran narka tama haɗe da irin wannan yumɓu, gwaji kuma ya nuna sun girmi haihuwar Annabi Isa (AS) da ɗaruruwan shekaru. Wato kakanni a wannan ƙasa suna fitar da ƙarfe daga dutse tun wancan zamani.

Har garinku ya je. A 1955 ya yi nazarin zanen shanun da ke jikin duwatsun Birnin Kudu, da duwatsun nan masu amo in an buga su. Ka tuna lokacin da ka kai ni Dutsen Habude muna ƙwanƙwasawa muna dariya? Ashe abin da muka ɗauka wasan yara har rubutu masana suka yi a kansa.

Aikin bai mutu da shi ba, ko da ya rasu a 1987. 'Yarsa Angela ta yi tono a Samun Dukiya. Masanan Jami'ar Frankfurt ƙarƙashin Peter Breunig sun kama aiki a 2005, suka mayar da farkon Nok baya zuwa kusan shekara 1500 kafin Miladiyya, suka kuma tabbatar mutanen gero suke nomawa. Abin da ke ci mini rai shi ne wurare da yawa 'yan haƙar sata sun riga su, sun kwashe kawunan sun sayar waje, sun hargitsa ƙasar da za ta faɗi shekarunsu.

Tun da Oxford ba nisa da kai, ka daure ka leƙa gidan tarihin Pitt Rivers, can Fagg ya koma ya zama shugaban gidan a 1963. In ka ga wani abu na ƙasarmu, ɗauko mini hoto, na yi wa 'yan ajina alkawari.

Ka gaida Maryam da ƙaramin maigida. Allah ya sada mu da alheri.

Naka har kullum,
Lawal