Waƙoƙin tallan Japan ba sa'a ke sa su zauna a kunne ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon a ba mu ɗan fili a wannan jarida mai farin jini mu tofa albarkacin bakinmu kan waƙoƙin tallan talabijin na ƙasar Japan, waɗanda matasa ke ta tura wa juna a waya ana dariya, ana cewa mutanen can shirme kawai suke yi ya karɓu. Ba shirme ba ne, ranka ya daɗe. Aiki ne na awo da lissafi.

A can sunan talla haruffa biyu ne, CM, kuma mafi yawansa daƙiƙa 15 ne, sai mai 30. A cikin 15 ɗin ma ba duka ne na mai waƙa ba. Ƙa'idar gidajen talabijin ita ce a bar rabin daƙiƙa shiru a farko, rabi a ƙarshe, don kada sautin wani talla ya hau kan na maƙwabcinsa. Saura 14 ke nan. Idan kiɗan yana tafiya bugu 120 a minti, bugu 28 kacal zai shiga, alhali baitin da kunne ya saba ji ya cika yakan ci bugu 32. Dole mai tsara waƙa ya zaɓi ɗaya: ko ya ƙara sauri zuwa wajen bugu 137, ko ya datse baitin. Shi ya sa waƙoƙin nan ke faɗawa cikin amshi kai tsaye ba share fage, kuma shi ya sa da yawansu ke gudu kamar ana korarsu. In tallan magani ne abin ya fi tsanani, domin sai an ware wa gargaɗin karanta takardar magani wuri a ƙarshe, galibi da 'yar ƙararrawarsa.

Sai batun harshe, wanda baƙi ba su cika lura da shi ba. Japananci yana bambanta wasu kalmomi da hawa da saukar murya. Kalmar "ame" tana iya zama ruwan sama ko alewa, "hashi" kuma gada ko tsinken cin abinci. Saboda haka gwanin aikin yakan fara da furta sunan kamfanin yadda mutane ke faɗinsa, ya ga inda murya ta hau da inda ta sauka, sannan ya ɗora kari a kai. Idan karin ya saɓa wa furuci, sunan yakan fito a karkace, mai sauraro ya riƙe kiɗan ya kasa gane abin da aka ce. Kuɗi sun tafi a banza.

Hanya mafi arha ita ce a ari karin da kowa ya riga ya sani, wanda haƙƙin mallakarsa ya ƙare. Kamfanin kek na Bunmeido ya ɗauki kiɗan rawa na Offenbach, wani mai tsara kiɗa wanda ya rasu a Faransa tun 1880, ya ɗora masa kalmomi masu lissafi: kek shi ne na ɗaya, lambar tarho ita ce biyu, abin taɓawa na ƙarfe uku kuwa Bunmeido. Ɗaya, biyu, uku, sai suna. Ga 'yan tsana jere suna ɗaga ƙafa tare. Yaro ɗan shekara huɗu zai haddace a ji biyu. Kantin Yodobashi Camera ma da karin wata waƙar yaƙin basasar Amurka yake kwatanta wa mutane hanyar zuwa shagonsa.

Amma kada a ɗauka sai an ambaci suna. Waƙar da aka fi ɗauka a matsayin waƙar talla ta farko a Japan, wadda Miki Toriro ya tsara wa kamfanin fim ɗin ɗaukar hoto na Konishiroku a 1951, shekarar da rediyon 'yan kasuwa ya fara a ƙasar, ko sau ɗaya ba ta kira sunan kamfanin ba. Haka ta Hitachi, wadda Kobayashi Asei ya yi wa kari a 1973: tambaya kawai take yi, wai wace bishiya ce wannan, yayin da sunayen kamfanonin gidan ke wucewa a allo. Bishiyar da aka fi nunawa ma ba a Japan take ba, tana lambun Moanalua a Hawaii, har 'yan yawon buɗe ido daga Japan ke zuwa ganinta. Abin da ya riƙe wannan waƙa shi ne haƙuri. Kamfanin ya yi shekaru da dama yana sauya mawaƙa da kayan kiɗa amma bai taɓa karin ba. A ganinmu nan ne mafi yawan masu talla ke faɗuwa, sabon manaja ya zo ya ce ya gaji da tsohuwar waƙa, daidai lokacin da jama'a suka fara kama ta.

Akwai kashi na biyu da suke kira "taiappu", wato haɗin gwiwa da kamfanin faifai. Mawaƙi ya ba da sabuwar waƙa, tallan ya yi ta kaɗa amshinta, a rubuta sunansa ƙanana a gefen allo. Kamfanonin kayan kwalliya na Shiseido da Kanebo sun yi ta gasa da wannan daga ƙarshen shekarun 1970. Waƙar Kirsimeti ta Yamashita Tatsuro ta fito tun 1983, amma sai da kamfanin jirgin ƙasa na JR Tokai ya sa ta a tallansa a 1988 sannan ta kai ta ɗaya a jadawalin cinikin faifai na Oricon a Disambar 1989. A 1999 kiɗan fiyano zalla na Sakamoto Ryuichi, da aka yi wa tallan maganin gajiya, ya zama kiɗa na farko marar murya da ya hau saman wannan jadawali. Haɗarin wannan hanya a fili yake: sau da yawa mawaƙi ne ke cin riba, a tuna waƙa a manta kaya. Ga kuma haƙƙi iri biyu da sai an sasanta, na marubucin waƙa, wanda galibi ƙungiyar JASRAC ke kula da shi, da na mai faifan. Wa'adin yarjejeniya na ƙarewa, waƙa ta koma gidansu. Ɗan gajeren sautin suna kuwa na kamfani ne, kuma tun Afrilun 2015 doka ta yarda a yi masa rajista a matsayin tambari, kamar yadda kamfanin magani na Hisamitsu ya yi.

Zamani ma yana juya wa waƙa baya. A 1989 tallan abin sha na Regain yana tambayar ma'aikaci ko zai iya fafatawa awa 24, ƙasa duka ta ɗauka. Da batun mutuwa saboda yawan aiki ya zama abin kunya, sai aka ji a 2014 tambayar ta koma awa uku ko huɗu.

Maimaici kansa yana da iyaka. Bayan girgizar ƙasa ta 11 ga Maris 2011, kamfanoni sun janye tallansu, gidajen talabijin suka cike guraben da saƙonnin ƙungiyar AC Japan mai tallan wayar da kan jama'a, ciki har da wata 'yar waƙar koya wa yara gaisuwa. An yi ta kaɗa su dare da rana a tsakanin labaran mace-mace. Ƙorafi ya yi yawa har ƙungiyar ta nemi afuwa, aka cire ɗan sautin da ke rera sunanta a ƙarshen kowane saƙo.

Wassalam.

Daga wasu masu karanta jaridarku a kullum.