Don Allah a bar masu ciwon suga su sha kayan marmari

Assalamu alaikum Malam Edita, ya aiki ya jama'a.

Na rubuto ne kan wata magana da ta ishe ni, wai da zarar an ce mutum na da ciwon suga shi ke nan shi da kayan marmari sai dai kallo, kowa ya zo dubiya sai ya koma likita, wannan ya ce kar ka taɓa lemu wancan ya ce kankana guba ce, bawan Allah ya rasa ta wa zai kama. Haba jama'a!

Akwai ma'aunin da ake kira GI wanda masana a Jami'ar Toronto ta Kanada suka fito da shi a 1981, yana nuna saurin da abinci ke ɗaga suga a jini, 55 zuwa ƙasa shi ne mai sauƙi, 70 zuwa sama mai gaggawa. Tuffa da lemun zaƙi da gwaiba duk suna ɓangaren mai sauƙi, fiya kuwa kusan ba ruwanta da suga. Kankanar da ake ta zagi gaskiya lambarta ta haura 70, amma fa fiye da kashi 90 cikin ɗari nata ruwa ne, yanka ɗaya ba zai yi ɓarna ba sai in mutum ya rungumi rabin ƙwallo ya zauna.

Inda ake faɗawa rami shi ne jus. Lemu ɗaya in ka ɓare ka cinye shi da zare-zarensa sugan a hankali yake shiga jini kuma za ka ji ya tsaya maka, amma kofi ɗaya na matsattsen lemu ai lemu biyu ko uku ne aka matse aka zubar da tukar, ka kwankwaɗe cikin minti ɗaya kana ganin ka yi abin kirki. Busassun ma haka, zabibi babban cokali biyu kacal daidai yake da ƙaramar tuffa guda, wajen giram 15 na sitaci da suga ke nan, to wa ke tsayawa a cokali biyu? Dabino ma a yi hattara. Ayaba kuma gara wadda ba ta nuna tiɓis ba, rabin babba ya isa.

Ni a ganina duk mai na'urar gwaji a gida ya gwada kafin ya ci ya kuma gwada bayan awa 2, don jiki da jiki ba ɗaya ba, mangwaron da bai dami wani ba sai ya harba na wani sama.

Roƙona Malam Edita ku samo mana likitan suga ya yi bayani a filinku na lafiya, ya taɓo har da garehul, wato babban lemun nan mai ɗan ɗaci, don shi yana karo da wasu magungunan kitsen jini da na hawan jini, kuma masu suga da yawa suna kan irinsu.

Na gode, a huta gajiya.

Naku,
Wani mai karatu